Yadda Na Bi Sawun Kalmar "Wring" Zuwa Tushenta

A cikin jerin aikatau na Turanci waɗanda ake sa ɗalibai su haddace saboda wai ba sa bin ƙa'ida, akwai kalmar "wring", wadda ke nufin a murɗa abu a matse shi har ruwan da ke cikinsa ya fita, kamar yadda ake yi wa tufa bayan wanki. Abubuwa biyu ne ke ɗaure wa mai koyo kai game da ita: ana rubuta harafin "w" a farkonta amma ba a furta shi, sannan idan aikin ya shuɗe ba a liƙa mata "ed" irin na sauran aikatau, sai dai wasalin cikinta ya sauya ta koma "wrung". Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma amsar da aka saba ba ɗalibai, wato haka masu harshen suke faɗa, ba ta taɓa gamsar da ni ba, domin harshe ba ya riƙe abu na tsawon ƙarnoni ba tare da dalili ba. Wannan ne ya sa na ɗauki kalmar ita kaɗai na ƙudura bin ta baya har inda shaida za ta kai ni.

Sharaɗin da na gindaya wa kaina tun farko shi ne in fara da abin da aka samu a rubuce, in riƙa komawa baya mataki bayan mataki, kada in yi tsalle zuwa ga wata tsohuwar saiwa da wani ya ambata sannan in dawo ina neman hujjar da za ta dace da ita. Saboda haka na fara da Tsohon Turanci, wato harshen da aka yi magana da shi a Ingila daga wajen ƙarni na 5 zuwa ƙarshen ƙarni na 11, na kuma buɗe ƙamus ɗin Bosworth da Toller, wanda aka kammala bugawa a 1898 kuma yanzu yana nan kyauta a intanet. A can kalmar ita ce "wringan", kuma tana da siffofi huɗu: "wringan" don aikin kansa, "wrang" idan mutum ɗaya ne ya yi shi a baya, "wrungon" idan mutane da yawa ne suka yi, sai "wrungen" ga abin da aka riga aka matse. Na rubuta siffofin nan huɗu a saman takarda, na ja layi a ƙarƙashin wasulansu uku, wato "i" da "a" da "u", kuma daga baya na gane cewa waɗannan wasula su ne ƙashin bayan binciken gaba ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan mataki shi ne irin wuraren da kalmar ke fitowa, domin ba wanki ne kawai aikinta ba. A fassarar Littafin Farawa, wato littafin farko a cikin Littafi Mai Tsarki, da aka yi zuwa Tsohon Turanci a wajen shekara ta 1000, inda mai shayar da sarkin Masar yake ba Annabi Yusuf labarin mafarkinsa a kurkuku, ya ce ya ɗauki 'ya'yan inabi ya matse su a cikin ƙoƙo, kuma kalmar da mai fassara ya sa a wurin ita ce "wrang". Duk wanda ya karanta Suratu Yusuf ya san wannan mafarki na matsar inabi. Haka kuma suna kiran mamatsar inabi "winwringe", kuma har yau a yankin Konwol da ke kudu maso yammacin Ingila akwai wasu duwatsu da suka hau kan juna waɗanda ake kira Cheesewring, saboda sun yi kama da abin da ake danne cuku da shi don ruwansa ya tsane. Ke nan ma'anar farko ta haɗa murɗawa da matsewa da fitar da ruwa, kuma kalma ce ta aikin hannu, ta gona da madafa.

Batun harafin "w" ya warware cikin sauƙi. Mutanen wancan zamani suna furta shi, kuma sun ci gaba da furta shi har bayan zamanin Tsohon Turanci, sai a wajen ƙarni na 17 ya ɓace daga bakin mutanen Landan da kewaye, alhali a lokacin injin buga littattafai ya riga ya daskarar da rubutun. A arewa maso gabashin Sikotilan wasu masu tsohon karin harshe sun riƙe shi ta hanyar mayar da shi "v", shi ya sa ake jin "vrang" a bakinsu.

Daga nan sai na tsallaka teku zuwa ga 'yan'uwan Turanci. Masana suna kiran wannan dangi harsunan Jamanik, kuma ya kamata a bambanta sunan da Jamusanci, domin Jamusanci ɗaya ne kawai daga cikin 'ya'yan gidan, tare da Turanci da harshen Holan da na Denmak da Suwidin da Nowe da Aislan. A harshen Holan na tarar da "wringen" da ma'anar murɗawa da matsewa, na kuma saurari yadda suke furta ta sau da yawa, sai na ji sautin farkon yana nan daram, yana fita kamar "vr". A Jamusanci kuwa kalmomi biyu na gani: akwai "ringen" mai nufin kokawa ko fafutika, akwai kuma "wringen" mai nufin matse tufa. Dalilin haka shi ne karin harshen tsakiya da kudancin Jamus, wanda daidaitaccen Jamusanci ya ginu a kansa, ya zubar da "w" da ke gaban "r" tun da wuri, sai tsohuwar kalmar ta koma "ringan" kuma ma'anarta ta karkata ga murɗa jikin abokin karawa, daga baya kuma aka aro "wringen" daga karin harshen arewa, inda sautin bai faɗi ba. Ban karɓi wannan bayani ba sai da na ga ya maimaita kansa a wasu kalmomi: Turanci yana da "wreak" inda Jamusanci yake da "rächen", yana da "write" inda Jamusanci yake da "reißen". A duk inda Turanci ya rubuta "wr" a tsohuwar kalma ta gado, Jamusanci yana nuna "r" tsurarta.

Darasi na farko da na ɗauka ke nan, kuma shi ne mafi girma a wajen aiki: kamannin kalmomi biyu ba ya tabbatar da dangantaka, abin da ke tabbatarwa shi ne a ga sauyin sauti iri ɗaya yana maimaituwa a kalmomi da yawa. Mai jin Hausa ya san irin wannan tsari ko da bai san sunansa ba, domin inda Basakkwace zai ce "zamna" da "sabro", Bakano zai ce "zauna" da "sauro", kuma sauyin bai tsaya a kalmomi biyu ba, yana bin baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa ne. Masanin nan Bajamushe August Klingenheben ya bayyana shi tun a ƙarshen shekarun 1920. Da wannan ma'auni ne na cire wasu kalmomi da ido zai so ya haɗa da "wring". Kalmar "ring" mai nufin zobe, ko a Turanci ko a Jamusanci, ta fito ne daga "hring", da "h" a farko, saboda haka gidansu daban ne duk da cewa a yau furucinsu ɗaya ne a Turanci. Ita ma "write", ko da yake ta fara da "wr", asalin ma'anarta karcewa ce ko tsagawa a jikin itace da dutse, ba ruwanta da murɗawa.

Shaida mafi tsufa da na samu ta zo ne daga harshen mutanen Got, wanda ya mutu tun da daɗewa. A ƙarni na 4 wani limaminsu na Kirista mai suna Wulfila ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshensu, kuma abin da ya rage na wannan fassara shi ne dogon rubutu mafi tsufa a duk harsunan Jamanik. Aikatau ɗin kansa bai fito a cikin abin da ya tsira ba, amma akwai suna ɗaya da aka samu sau ɗaya tak, a Wasiƙa ta Biyu zuwa ga Timoti, sura ta 2 aya ta 26, inda ake maganar kuɓuta daga tarkon Shaiɗan. Kalmar tarkon a wurin ita ce "wruggon", wadda masu ƙamus ke rubuta asalinta "wruggo", kuma tana cikin tsofaffin takardun fata da ke ajiye a ɗakin karatu na Amburosiyana a birnin Milan na Italiya, waɗanda aka kankare rubutun farko aka yi wani a kansa. Da farko ido ba ya ganin "n" a cikinta, amma Wulfila ya bi al'adar rubutun Girkanci ne, inda ake rubuta "gg" a furta "ng". Idan aka karanta ta yadda ya kamata, sai a ji "wrungo", wato igiyar da aka murɗa wadda ke shaƙe abin da ya faɗa cikinta. Na daɗe ina duban wannan kalma, domin ga wasalin "u" na "wrung" ya bayyana a wani harshe dabam, ɗaruruwan shekaru kafin a rubuta Turanci.

A nan ne wasulan nan uku suka fara magana. Jacob Grimm, wanda ya fara fitar da littafinsa na nahawun harsunan Jamanik a 1819, shi ne ya raɗa wa irin waɗannan aikatau suna "masu ƙarfi", saboda suna nuna shuɗewar lokaci da sauyin wasalinsu ba tare da sun nemi taimakon ɗafa-ƙeya ba, ya kuma kira masu ɗaukar "ed" da takwarorinta "raunana". An kasa masu ƙarfin gida bakwai, kuma "wringan" tana gida na uku, tare da "singan" da "bindan" da "drincan", waɗanda suka zama "sing" da "bind" da "drink". Tsarin ya girmi harsunan Jamanik su kansu, domin gado ne daga kakan harsunan Indiya da Turai, wanda ya haifi Latin da Girkanci da Sanskirit da Farisanci, kuma a wancan harshe saiwa ɗaya takan fito da wasalin "e", ko da wasalin "o", ko kuma ba wasali sam. Sauran aikin na ƙa'idojin sauti ne. A Jamanik, "e" yakan koma "i" idan "n" da wani baƙi suka biyo bayansa, gajeren "o" yakan koma "a", sannan inda babu wasali kuma "n" ne ke ɗauke da gaɓar, sai "u" ya shigo gabansa. Da na jera waɗannan ƙa'idoji uku a gefen siffofin da na rubuta a saman takardata, sai "wring" da "wrang" da "wrung" suka fito ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kauce. Abin da muke gaya wa ɗalibai cewa rashin tsari ne, shi ne ragowar tsari mafi tsufa a cikin harshen, kuma a ganina zalunci ne ga mai koyo a ɓoye masa wannan.

Sai dai ko wannan shaida tana bukatar a duba shekarunta. Aikatau "ring" na kaɗa ƙararrawa yana yin "rang" da "rung" a yau, amma a Tsohon Turanci rarrauna ne, daga baya ya kwaikwayi "sing". Ita kuwa "wring" ta yi asarar "wrang", ta bar "wrung" tana aikin siffofi biyu, kamar yadda ya faru da "swing" da "sting" da "cling". Don haka tsarin wasalin yau ba ya isa hujja sai an tabbatar yana nan a rubutu mafi tsufa, kuma ya dace da na 'yan'uwa, kamar "rang" da "gerungen" na Jamusanci, da "wrong" da "gewrongen" na harshen Holan.

Daga jimillar waɗannan shaidu ne masana suka sake gina kalmar a harshen da ya haifi dangin, wanda ake ganin an yi magana da shi a kudancin Sikandinebiya da arewacin Jamus a ƙarnonin ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa. Sukan rubuta ta *wringaną, da alamar tauraro a gabanta, kuma tauraron yana nufin ba a taɓa samun kalmar a rubuce ba, an ciro ta ne ta hanyar kwatanta 'ya'yanta. Na koyi girmama wannan ƙaramar alama ƙwarai, domin ita ce iyaka tsakanin abin da aka gani da abin da aka auna, kuma sau da yawa masu yaɗa bayanai a intanet sukan yar da ita, sai mai karatu ya ɗauka akwai wani dutse ko littafi da aka karanto kalmar daga ciki.

Siffar nan mai wasalin "a" ba ta mutu ba, ta dawo Turanci ta wata ƙofa. A tsohon harshen mutanen Sikandinebiya akwai sifa mai nufin karkatacce ko murɗaɗɗe, wadda a yau take "vrang" a Denmak, "vrång" a Suwidin, "rangur" a Aislan inda "v" ya faɗi. Bayan babbar rundunar mayaƙan Sikandinebiya, waɗanda ake kira "Viking", ta sauka Ingila a 865 kuma jama'arsu suka zauna a arewa da gabashin ƙasar, kalmar ta shiga bakin mutanen Ingila, ta bayyana a rubuce a ƙarshen zamanin Tsohon Turanci a matsayin "wrang" da ma'anar zalunci, kuma ita ce "wrong" ta yau. Kalmar da ta ture, wato "woh", ita ma karkatacce take nufi, kishiyarta "right" kuwa daga saiwar miƙewa take, 'yar'uwar "rectus" ta Latin. Faransanci ya bi hanya ɗaya da kalmar "tort", mai nufin laifi ko cuta, wadda ta fito daga kalmar Latin ta murɗaɗɗe, kuma ɗaliban shari'a a Najeriya sun san ta sarai. A harshen Holan kuwa "wrang" tana nufin ɗanɗano mai bauri, irin wanda ke murɗe baki. Wannan ya nuna mini cewa ma'ana takan yi tafiya mai nisa, amma kowane zango nata yana da dalilin da hankali zai karɓa.

Da na wuce iyakar Jamanik, sai ƙasa ta fara laushi a ƙarƙashin ƙafa. Dokar sauti da Rasmus Rask ya hango a 1818, Grimm kuma ya tsara ta a 1822, ta nuna cewa "g" na Jamanik yana fitowa ne daga tsohon "gh" mai fita da iska, "k" kuma daga tsohon "g". Bisa wannan, saiwar "wring" za ta zama *wrengh-, kuma masana da dama suna ɗaukar ta a matsayin wata siffa ta *wergh- wadda aka cusa wa "n" a ciki. Irin wannan ɗafa-ciki sananne ne, ana ganin sa a "stand" da "stood" na Turanci, da "vinco" da "vici" na Latin. Ita *wergh- ɗin tana da 'ya'ya masu ƙarfin shaida: "veržti" a harshen Lituweniya mai nufin ɗaurewa tamau ko matsewa, da "würgen" a Jamusanci mai nufin shaƙewa, da "wyrgan" a Tsohon Turanci mai wannan ma'ana, wadda ta zama "worry". Tarihin wannan ta ƙarshe ya taɓa ni sosai, domin ta tashi daga shaƙe wuya, ta koma kamun da kare ko kyarkeci ke yi wa tunkiya a maƙogwaro yana girgiza ta, sannan ta koma takura wa mutum, sai a ƙarni na 19 ta zauna a kan damuwar zuciya.

Kalmar "wrench" kuwa, tare da "renken" ta Jamusanci da ake ji a "verrenken", wato gurɗewar gaɓa, ta kawo matsala, domin tsohon baƙinta "k" ne, ba "g" ba. Ma'ana ta yi kusa matuƙa, amma dokar Grimm ba ta barin "k" da "g" su fito kai tsaye daga sauti ɗaya, shi ya sa wasu masana suke kafa saiwa ta biyu, wasu kuma suke bayyana bambancin da wani sauyi da ya faru a cikin Jamanik kanta. A takardata na sa ta a gefe da layi mai ɗigo-ɗigo, alamar maƙwabciya ce ta kusa wadda hanyar dangantakarta ke da saɓani.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi yawo a intanet, wato saiwar *wer- mai nufin juyawa ko lanƙwasawa. Julius Pokorny, a babban ƙamus ɗinsa na 1959, ya tara kalmomi masu yawa a ƙarƙashinta, yana ɗaukar cewa an riƙa ƙara mata baƙaƙe daban-daban a ƙarshe: daga nan ake kawo "vertere" ta Latin da "werden" ta Jamusanci, da "writhe" da "wreath" da "wrist" da "wry", har da "worm". Hoton yana da daɗin kallo, kuma yawan kalmomin murɗawa da ke farawa da "wr" a Turanci abu ne da kowa zai iya gani. Amma a wannan mataki abin da ya haɗa kalmomin baƙaƙe biyu ne kawai da ma'ana mai faɗi, kuma babu ƙa'idar da ke faɗin dalilin da ya sa aka ƙara wannan baƙi a nan, wancan kuma a can. Ƙamusoshin baya-bayan nan, irin wanda Helmut Rix da abokan aikinsa suka fitar a 1998 kan aikatau, sun fi son ajiye kowace saiwa da cikakkiyar siffarta a matsayin kalma mai zaman kanta, kuma ni ma wannan taka-tsantsan na fi yarda da shi.

Saboda haka takardar da nake shiga aji da ita yanzu tana da hawa uku, kuma nakan gaya wa ɗalibai matsayin kowanne. A hawan farko akwai abin da aka samu a rubuce, wato "wringan" da siffofinta huɗu, da "wringen" da "ringen" da "wruggo" da "wrang". A na biyu akwai *wringaną da *wrengh- da *wergh-, waɗanda ƙa'idojin sauti suka fitar kuma kowa zai iya gwada su da kansa a kan wasu kalmomi. A na uku akwai *wer- ita kaɗai, wadda nake gabatarwa a matsayin ra'ayin wasu masana. Bayan haka nakan ba su "sing" da "drink" da "bind" da "swim" in ce su nemo tsofaffin siffofinsu a ƙamus su jera wasulan da kansu, kuma galibinsu sukan gano tsarin gida na uku kafin in ambaci sunansa.